Burtalin giwaye: yadda aikin sabon tsarinmu ke tafiya

15 Janairu 2024

Yau darakta ya kira ni ofis ya miƙo min fayil, ya ce tsohon tsarin kula da mazaunin namun daji na yankinmu wa'adinsa ya ƙare, ni zan jagoranci rubuta sabo na shekara 10. Na ce to ranka ya daɗe, Allah ya ba mu iko. Na yanke shawarar in riƙa rubuta yadda abin ke tafiya, don irin wannan aiki in ba ka rubuta ba bayan wata shida kai kanka ba za ka tuna dalilin da ya sa aka ɗauki wannan mataki aka bar wancan ba.

Ga yadda yankin yake a taƙaice. Gandun daji biyu ne manya, ɗaya ta arewa ɗaya ta kudu, kogi ya ratsa ta gefensu duka biyun, sai dausayi a ƙasa inda ruwan yake bazuwa. Tsakanin gandayen kuwa gonaki ne da ƙauyuka da wuraren kiwo. Na kwana biyu ina karanta tsohon tsarin, kuma waɗanda suka rubuta shi sun yi ƙoƙari gaskiya, amma babi ɗaya na gandun arewa, babi ɗaya na gandun kudu, abin da ke tsakaninsu ko shafi guda bai samu ba, alhali dabba ba ta san inda layin taswirarmu ya tsaya ba, ita dai ruwa take bi da ciyawa. Wannan giɓin shi ne abin da ya fi tsaya min a rai tun yanzu.

2 Fabrairu 2024

Yau ce ranar dausayi ta duniya, saboda a rana irin ta yau a 1971 aka amince da yarjejeniyar kare dausayi ta duniya a garin Ramsar na ƙasar Iran. Mu kuma yau muka gama haɗa alƙaluman ƙidayar tsuntsayen ruwa da muka yi tsakiyar Janairu, wadda ake yi a ƙasashe da yawa lokaci guda tun 1967, dalilin yin ta lokaci guda kuwa don kar tsuntsu ɗaya a ƙirga shi nan a sake ƙirga shi can.

Wanda bai taɓa zuwa ƙidayar nan ba zai ɗauka ɗaya, biyu, uku ake yi. Ina! Tun duku-duku ake isa bakin ruwa, ka kafa madubin hangen nesa, ka ƙirga goma sosai ka ga faɗin wurin da goman suka ci, sai ka riƙa aunawa da ido goma-goma, in garken ya yi yawa hamsin-hamsin, mutum biyu kowa ya yi nasa ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba sannan a kwatanta. Ana cikin haka shirwa ta gifta duk su tashi, sai a koma farko. Mun ga kirinjijiya da yawa, da dinya, da zalɓe, gauraka kuwa biyu tak, kuma tsofaffin ma'aikatanmu sun ce a da garke-garke ake ganinsu a wurin.

Cikin ƙa'idojin Ramsar na sa dausayi a jerin masu muhimmanci a duniya akwai cewa wuri ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kuma kashi 1 cikin 100 na wani jinsi guda. Wannan "a kai a kai" ɗin shi ne inda muke da rauni, don akwai shekarun da ba a je ƙidaya ba saboda babu mota ko babu mai. Zan sa ƙidayar nan cikin tsarin a matsayin wajibi da layin kuɗinta daban.

20 Fabrairu 2024

Malamar da ke kula da taswira a sashenmu ta kira ni in zo in ga wani abu a kwamfutarta. Ta sauko da tsofaffin hotunan tauraron ɗan adam na Landsat, waɗanda tun 2008 kyauta ake ba da su, ta jera su da na Sentinel-2 na yanzu wanda kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, ta ɗora su kan juna a manhajar taswira ta QGIS tana kunna wannan tana kashe wancan. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Kurmin da ke bin bakin kogi daga gandun arewa zuwa na kudu, a tsohon hoto kamar ɗamara yake mai faɗi ba yankewa, yanzu kuwa ya rame, wani wurin ya tsinke ya sake haɗewa, kuma akwai wuri ɗaya inda kogin ya yi kwana da ya matse sosai har muka sa masa suna maƙogwaro. In wurin nan ya toshe shikenan, gandayen biyu sun rabu.

Na zauna na yi wa matasan sashen bayanin me ya sa wannan ya dame ni haka. Tun 1967 masana biyu, MacArthur da Wilson, suka nuna cewa ƙaramin tsibiri mai nisa da sauran ƙasa jinsunan da yake iya riƙewa kaɗan ne, kuma gandun dajin da gonaki suka kewaye shi ta ko'ina tsibiri ne, sai dai ba ruwa ne ya kewaye shi ba. Dabbobin ciki ba sa mutuwa rana ɗaya, a hankali abin yake zuwa, dangi na auren dangi har jini ya yi rauni, fari ya zo babu inda za a gudu, cuta ta shigo babu baƙin da za su maye gurbi. Babban rahoton duniya na 2019 kan halittu, wanda ya ce jinsuna kusan miliyan 1 na cikin haɗarin ƙarewa, sauya amfanin ƙasa ya sa a gaba cikin dalilai, ba farauta ba. Mu kuma a hukuma kusan duk ƙarfinmu kan farauta yake tafiya.

12 Maris 2024

Ba wani ci gaba. Kuɗin zangon farko bai fito ba, motar fita daji tana gareji. Kamarorin da muka nema sun iso amma babu batir. Na yi amfani da lokacin na karance dokar filaye da ta gandun daji gefe da gefe, na ja layi duk inda suka saɓa wa juna, kuma wuraren ba kaɗan ba ne.

4 Afrilu 2024

Kwana huɗu muka yi a maƙogwaro muna ɗaure kamarori a jikin bishiyoyi, irin waɗanda ke ɗaukar hoto da kansu in wani abu mai ɗumi ya gifta. Masu gadin daji suka haɗa mu da wani dattijo da ya yi farauta a wurin tun yana saurayi, yanzu ya daina. Na buɗe masa taswira ina nuna masa inda muke tunanin sa kamarorin, ya duba ya ce ɗana naɗe takardar nan ka biyo ni.

Ya kai mu gindin wata bishiya ya ce ɗaga kanka. Can sama da inda hannuna zai kai, ɓawon ya goge sumul, busasshen laka ya manne a jiki. Ya ce nan giwa take sosa jikinta in ta fito daga ruwa. Ya nuna mana tsohon kashinta da ya bushe, ya farfasa shi da sanda, ga ƙwallayen 'ya'yan itace a ciki wasu har sun fara tsiro, ya ce ka ga, ita ce ke shuka kurmin nan. Sannan ya bi da mu wata 'yar hanya da in kai kaɗai ne ba za ka ce hanya ba ce, ta gangara ta wani wuri da gaɓar kogin ba ta da tsayi, ya ce duk tsawon kwanar nan, nan ne kawai uwa za ta iya sauka da ɗanta.

Na ce Baba me kuke kiran wannan hanyar? Ya ce ai burtalinsu ne, kamar yadda shanu suke da nasu. Na daɗe ina neman kalmar da zan sa a tsarin wadda kowa zai gane ba sai an yi dogon bayani ba, ga ta nan. Duk wanda ya san abin da ke faruwa in aka nome burtalin shanu, ya san abin da zai faru in aka nome na giwa. Mun sauya wurin kamarori fiye da rabi saboda maganarsa.

23 Afrilu 2024

Raina a ɓace yake yau. Wani abokin aiki ne ya turo min sanarwar cewa an baje rahoton tasirin muhalli na wata sabuwar hanyar mota don jama'a su duba su yi ƙorafi. Na buɗe taswirar da ke ciki, hanyar ta ratsa maƙogwaro tsakiya-tsakiya. An yi safiyo, an zana, an kusa ba da kwangila, kuma babu wanda ya turo wa hukumarmu ko takarda ɗaya, duk da gwamnati ɗaya muke yi wa aiki. A babin namun daji na rahoton an rubuta wai hanyar ba ta shiga kowane gandun daji ba saboda haka tasirinta kaɗan ne. A takarda gaskiya suka faɗa, ba ta shiga ba. Kuma ba zan ɗora musu laifin duka ba, don mu da kanmu ba mu taɓa zana burtalin a kowace taswirar hukuma ba, to ina za su gan shi?

Ba na adawa da hanyar, in faɗi wannan tun yanzu. Mutanen ƙauyukan can in damina ta sauka mai naƙuda ma da ƙyar ake fitar da ita. Amma akwai tsarin da ake bi ko'ina a irin wannan aiki, matakai huɗu a jere: ka kauce wa ɓarnar in zai yiwu, in ba zai yiwu ba ka rage ta, abin da ka ɓata ka gyara, abin da ba ya gyaruwa ka rama shi a wani wuri. Su sun tsallake na farko da na biyu sun tafi kan dashen bishiyoyi a gefen titi. Na rubuta ƙorafinmu a daren nan, darakta ya sa hannu da safe.

16 Mayu 2024

Mun yi mitin da injiniyoyin ma'aikatar ayyuka, awa uku. Da farko babban injiniyan ya ce ai akwai kwalbatoci a zanen, dabbobi su bi ta nan. Na ce Yallaɓai kwalbatin ruwa dila zai bi, watakila gadu, amma giwa ba ta shiga ramin da ba ta hango haske a ɗaya bakin ba, barewa ma haka, kuma in damina ta yi kwalbatin cike yake da ruwa.

Na kawo musu misalai biyu da aka riga aka gwada. A gandun Banff na Kanada, babbar hanyar da ta ratsa shi an yi mata mashigai 6 ta samanta, 38 kuma ta ƙarƙashinta, aka haɗa da shinge a gefen titi, kuma karo tsakanin motoci da dabbobi ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Abin da aka koya a can kuma shi ne kowace dabba da irin mashigin da take so, wasu sai mai faɗi a buɗe, wasu sun fi son matsattse, kuma masu tsoro sai da suka yi shekaru kafin su saba. Na biyu a Kenya, kusa da Dutsen Kenya, an yi wa giwaye mashigi a ƙarƙashin babban titi wajen ƙarshen 2010, ba a daɗe ba giwaye suka fara bi. Da na nuna hoton giwa na fitowa ta ƙarƙashin titi motoci na wucewa a sama sai ɗakin ya yi shiru, wani matashin injiniya ya matso yana tambayar tsayin wurin da faɗinsa.

Babban injiniyan ya faɗi magana ɗaya da na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ya ce da kun zo lokacin da muke zaɓen inda hanya za ta bi, sauya layi a takarda ba ya cin komai, yanzu kuwa kowane gyara sabon zane ne da sabon lissafi. Ya ce ku kawo min hujja da lambobin GPS, ba labari ba. Mun yi alkawarin wata biyu.

27 Yuni 2024

Makonni uku muna zagaya ƙauyukan da ke gefen burtalin, kuma a nan ne na goge wani babban sashe na daftarina da hannuna.

Abin da na rubuta da farko shi ne a faɗaɗa iyakar gandun kudu ta haɗiye maƙogwaro, a hana noma da kiwo a ciki. A ofis abin ya yi kyau. A taron farko wata mata ta miƙe, ta ce shekara uku ke nan giwaye suka shiga gonarta dare ɗaya suka tashi da abin da za ta ci da 'ya'yanta shekara guda, jami'ai suka zo suka auna suka ɗauki hoto suka sa ta dangwala hannu, har yau shiru. Ta ce yanzu kuma kun zo ku karɓi ƙasar gaba ɗaya ku ba su? Na ce Inna ba ni da amsar da za ta gamsar da ke yau, amma maganarki za ta shiga takarda yadda kika faɗe ta. Wani makiyayi kuma ya ce mashayar da muke magana a kai ita kaɗai ce ba ta ƙafewa da rani, in aka rufe ta ina zai kai shanunsa, kuma ya ƙara da cewa su da giwaye sun daɗe suna raba ruwan nan, su da rana giwaye da dare, ba su taɓa faɗa ba sai da gonaki suka matse hanyar.

Wannan maganar ta makiyayin ita ta buɗe min ido. Kiwo bai toshe burtali ba, abin da ke toshe shi sharar kurmi ne da shinge da gini. To me ya sa zan kori wanda ba shi ne matsalar ba, in mai da shi abokin gaba? Yarjejeniyar kare halittu ta Kunming da Montiriyal ta Disamba 2022, wadda kowa ke ambato saboda burin kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa kafin 2030, ba ta ce sai gandun daji mai shinge ba. A cikin wannan burin na 3 an rubuta cewa wuraren su kasance a haɗe da juna, a kuma mutunta haƙƙin mutanen da ke zaune a wurin, kuma tun 2018 aka amince da wani rukuni na wuraren da ba gandun gwamnati ba ne amma yadda jama'a ke tafiyar da su yana kare halittu. Namibiya ma tun 1996 ta yi dokar da ta ba al'ummomin karkara iko kan namun dajin yankinsu. Saboda haka sabon abin da na rubuta: burtalin zai zauna a hannun ƙauyukan, kiwo da kamun kifi da ɗiban itacen da ya bushe su ci gaba, gonakin da ke nan su tsaya inda suke, abin da aka hana shi ne sabuwar shara a bakin kogi da ba wa manyan masu gona fili a ciki.

Mun kuma yi maganar shingen amya, dabarar da Lucy King ta gwada da manoma a Kenya: a rataye amyoyi a kan turaku kewaye da gona a haɗa su da waya, giwa ta taɓa wayar amyoyin su girgiza ƙudan zuma su fito, ita kuwa giwa tana tsoron harbinsu a ido da cikin hanci. Ba ya hana kowace giwa, kuma in fari ya yi ƙudan kan gudu su bar amyar, na faɗa musu wannan ɓaro-ɓaro don kar gobe a ce mun yi musu ƙarya. Ƙauyuka biyu sun ce za su gwada.

8 Agusta 2024

Giwaye sun shiga gonaki uku daren shekaranjiya a gefen maƙogwaro. An kira sansanin masu gadi tun tsakar dare, ba su iso ba sai da gari ya waye saboda babur ɗaya gare su kuma hanya ta jiƙe. Babu wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Na je na gani da idona. Babbar giwa na iya cin kilo 150 a rana, to ka lissafa garke a gonar talaka. Mai gona ɗaya ko kallona bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na dawo na mai da babin diyya daga shafukan ƙarshe zuwa gaba, na sa wa'adin kwanakin da za a auna ɓarna da kwanakin da za a biya, da sunan ofishin da zai amsa tambaya in an makara. In wannan babin bai yi aiki ba, duk sauran tsarin ba zai rayu ba, don mutumin da aka cinye masa gona ba za ka zo kana masa wa'azin cewa tun Maris 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa giwar daji mai fili cikin jerin masu fuskantar haɗarin ƙarewa ba.

19 Satumba 2024

Hujjar da injiniya ya nema mun kai, mun makara da 'yan makonni amma ta yi ƙarfi: hotunan giwaye, ɓauna, gwanki, mazo, har damisa sau ɗaya, kowane hoto da rana da lokaci da lambar wurin, kuma kusan duk manyan dabbobin ta wannan gangaren da Baba ya nuna mana suke bi.

Sauran watan rubutu ne kawai. Abin da na fi ba wa lokaci shi ne kalmomi, don na lura tsohon tsarin cike yake da "za a ƙarfafa", "za a duba yiwuwar", "ana iya", kuma duk abin da aka rubuta da irin wannan lafazi ba a yi shi ba cikin shekara 10. Yanzu kowane aiki sai an ce wa zai yi, yaushe, daga wane layin kasafi, kuma da me za a gane an yi. Lauyar hukuma ta mayar min da wurare da dama ta ce ba mu da hurumin cewa "wajibi ne" ga wata ma'aikata, sai dai ta hanyar yarjejeniya da su, saboda haka yanzu akwai takardun fahimtar juna uku da zan bi: ayyuka, filaye, noma.

Mun kuma yi gardama mai zafi kan wuta. Wasu na son a rubuta an hana ƙona daji kwata-kwata. Ni da tsofaffin masu gadi muka ce a'a, hanin nan ba ya aiki, ciyawa ce kawai za ta taru ta bushe ƙarau sannan wani ya cinna mata wuta a tsakiyar rani ta cinye har manyan bishiyoyi. Gara mu ƙona da wuri, ciyawa na da sauran danshi, yanki-yanki, wutar ta bi ƙasa a sanyaye ta bar wuraren ɓuya. Haka aka amince, sai dai kurmin bakin kogi ba wuta ko kaɗan. Sintiri kuma za a koma rubuta shi da manhajar SMART a waya, don a riƙa ganin inda aka taka da inda ba a taɓa zuwa ba.

29 Oktoba 2024

Masu gadi sun tarar da ungulaye a mace kewaye da mushen saniya, ga alama guba aka zuba don kura. Na duba daftarin, babu kalmar ungulu ko sau ɗaya, kuma ni na rubuta shi. Hankalina duk ya tafi kan giwa. Ungulun da muka saba gani kusa da gari tun 2015 IUCN ta sa ta a matakin haɗari mafi tsanani, kuma abin da ya faru a Indiya ya isa darasi, inda maganin dabbobi diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan ungulu kafin a hana ba wa dabbobi shi a 2006, mushe ya riƙa ruɓewa a fili karnuka suka yawaita. Na ƙara babi kan guba, da kare manyan bishiyoyin da suke sheƙa a kai, kuma dole sashen likitocin dabbobi ya shigo kwamitin.

21 Nuwamba 2024

Amsar ma'aikatar ayyuka ta zo. Karkatar da hanyar daga maƙogwaro sun ƙi, sun ce an yi nisa. Mashigi na biyu da muka nema ta kudu ma sun ƙi. Abin da suka yarda: za su tsawaita gadar kogin ta yadda gaɓar da giwaye ke bi za ta zauna a ƙarƙashinta a bushe, su ɗaga ta yadda toron giwa zai wuce ba tare da ya sunkuya ba, ba za a kafa sansanin ma'aikata ko wurin haƙar ƙasa a cikin burtalin ba, kuma ba aiki da dare a wannan yankin. Shinge kuwa gajere suka amince da shi, wanda ni a ganina bai isa ba, don ba tare da shingen da zai kora dabba zuwa mashigi ba, kan titi za ta hau. Wannan matashin injiniyan ne ya zana gyaran gadar, kuma ya kira ni sau biyu yana tambayar ta wane gefe gangaren yake.

Na ji zafin rasa na kudun, don gwanki ta can suka fi bi. Na sa shi a tsarin a matsayin abin da za a sake dubawa bayan shekara 3 da alƙaluman dabbobin da mota ta buge, kuma tun ranar da aka buɗe titin za mu fara rubuta su.

12 Disamba 2024

Yau ofishin filaye suka shigar da burtalin cikin taswirarsu ta rabon ƙasa, da iyakokinsa da lambobinsa, aka rubuta ba a ba da sabon fili a ciki sai da sa hannun hukumarmu da kwamitin ƙauyukan. Malamar taswira ce ta kai fayil ɗin da kanta ta zauna har sai da ta ga ya hau kwamfutarsu. Duk cikin shekarar nan babu abin da ya faranta min rai kamar wannan, don gobe in wani ya zo zai zana wata hanya ko ya nemi filin babbar gona, zai ga layin tun kafin ya fara. Daftarin gaba ɗaya ya tafi majalisar gudanarwa, an ce sai zaman farko na sabuwar shekara. Kuɗin diyyar matar nan da sauran waɗanda ke bin bashi har yanzu bai fito ba, na sake rubuta takardar tuni ta uku.

16 Janairu 2025

Mun dawo daga ƙidayar tsuntsaye, shekara biyu a jere ke nan ba fashi. Gauraka biyun suna nan. A hanyar dawowa muka biya maƙogwaro muka ciro katunan kamarori, a mota muka buɗe don ba wanda ya iya haƙuri har ofis. Ga garken nan sun sauka ta gangaren da tsakar dare a ƙarshen Disamba, da ɗan jariri a tsakiyarsu yana bin ƙafar uwarsa, kuma giwa wata 22 take ɗaukar ciki, ke nan tun kafin a ba ni fayil ɗin nan take ɗauke da shi tana bin hanyar. Mun tsaya a ƙauye mun nuna wa Baba hoton, ya daɗe yana kallo ya ce wannan uwar ya san ta, ga tsagar kunnenta.

Turakun safiyo masu jan fenti sun riga sun iso bakin kogin, an ce katafila za ta shigo kafin ƙarshen Fabrairu. Mako mai zuwa za mu kwashe kamarori huɗu daga kudu mu mai da su daidai inda ƙafafun gadar za su tsaya, don mu sami hoton yadda dabbobi ke bin wurin kafin a taɓa shi, in ba haka ba nan gaba ba mu da abin da za mu kwatanta da shi. Ina buƙatar batir da mota ranar Litinin, na riga na kai takardar ofishin darakta.